Babi na Bakwai: Sabunta Wayarin ɗin Fijo 504

Duk wanda ya sayi tsohuwar Fijo 504 da niyyar dawo da ita hayyacinta, da inji yake farawa. A sauke shi, a canja abin da ya cinye, a wanke kafireto, a toshe lagireto. Daga nan sai wurin mai gyaran bodi, sai mai fenti, sai mai ɗinkin kujeru. Sai aljihu ya yi sauƙi, mota ta fara ƙyalli, sannan a tuna da wuta, a kira mai wayarin a ce masa, "Malam, ɗan duba mana fitilun nan kafin la'asar." A ganina nan ne ake yin kuskure mafi tsada a aikin gaba ɗaya. Inji idan ya gaji tsayawa yake yi a gefen titi, a jawo shi gida. Waya idan ta gaji tana iya cinye motar ƙurmus cikin 'yan mintoci, da fentin da kujerun da duk abin da aka kashe.

A 1968 aka fara nuna 504 a birnin Faris, a 1969 kuma ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a hannun direba Ove Andersson, kuma a shekarar ce kamfanin Peugeot na Najeriya ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, cikin Kaduna. Akwai lokacin da ta jirgin sama ake kwaso sassan motar daga Liyon zuwa Kano, sannan a gangara da su Kaduna. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wannan tarihi yana da amfani ga mai gyara ta fuska ɗaya: mafi ƙuruciyar 504 da za ka samu yau ta doshi shekara ashirin, tsofaffin kuwa sun kai hamsin. An sauke injinansu sau da yawa, an canja tayoyi ba adadi, batir ya zo ya tafi. Damin wayar da aka shimfiɗa ranar da aka haɗa motar shi ne har yanzu yake kwance a bayan dashbod.

Jan ƙarfen da ke cikin waya ba shi ne yake fara gajiya ba. Rigarsa ce. Robar da ake lulluɓe wayar mota da ita tun wajen shekarun 1960, wato PVC, a asalinta abu ne mai tauri; wani sinadari mai kama da mai ake gauraya mata don ta yi laushi ta lanƙwasu. Zafi yana fitar da wannan sinadari a hankali, shekara bayan shekara, har robar ta bushe ta fara tsagewa kamar tsohuwar fatar da ta daɗe ba ta ga mai ba. A ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40 a inuwa, a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, sannan ga zafin inji a ƙarƙashin bonet, wannan bushewa ta fi sauri fiye da yadda take a ƙasar da aka ƙera motar. Baƙin mai da fetur da ke ɗiga a kan waya su ma suna ƙara lalata ta. Da zarar riga ta tsage, iska da danshi sun sami hanya. Ƙurar hunturu ta shiga ta zauna, damina ta zo ta jiƙa ta, jan ƙarfen ya yi baƙi ko kore, ya bi ta cikin riga ya yi nisa inda ido ba ya gani. Motar da aka daɗe da ajiyewa kuma tana da wani abokin gaba, ɓera, wanda yake son bayan dashbod don yin sheƙa, kuma ba ya barin waya ba tare da ya gwada haƙorinsa ba.

Wannan ciwo bai tsaya ga Fijo ba. Masu Marsandi ƙirar W124, wadda ake kira Bi-but, sun san labarin waɗanda aka ƙera daga farko zuwa tsakiyar shekarun 1990, da rigar wayar injinsu take marmashewa tun motar ba ta tsufa ba. Bambancin kawai shi ne ta Fijo ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta kai wannan hali.

Amma in za a faɗi gaskiya, abin da hannun mutane ya yi wa wayarin ɗin 504 ya fi abin da rana ta yi masa. Motar da ta yi shekara talatin tana jigila tsakanin Kano da Jos ta wuce ta hannun masu wayarin da ba za su ƙirgu ba, kuma kowannensu an kira shi ne don matsala ɗaya, ana tsaye a kansa, fasinja na jira. Oda ta daina kuka, sai a ja sabuwar waya kai tsaye daga batir a bar tsohuwar tana lilo. An sayi rediyo, sai a feɗe wayar da ta fi kusa a ɗaura. An ƙara fitilun hazo, an sa na'urar sanyaya mota, an ɓoye makunnin hana sata a ƙarƙashin kujera. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yanka ne, kuma kusan kowane yanka da murɗa bakin waya biyu aka rufe shi, aka naɗe da baƙin salatif. Salatif kuwa gam ɗinsa narkewa yake yi da zafi, ya saki, ya bar jan ƙarfe tsirara a gefen ƙarfen mota. Ban ga laifin mai wayarin na bakin tasha ba. Abin da aka biya shi ya yi ke nan, kuma ya kai mutane gida. Sai dai gyaran gaggawa talatin a kan juna ba ya taɓa zama wayarin.

Daga nan sai maganar fis, wadda ita ce zuciyar babin nan. Mutane da yawa sun ɗauka fis yana nan ne don ya kare fitila ko rediyo. Waya yake karewa. Batirin mota volt 12 ne kacal, ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma yana iya tura amfiya ɗaruruwa a lokaci guda idan ya sami hanya. Da wannan ƙarfin ne yake juya inji da safe. A 504, kamar kusan duk motocin zamaninta, jikin motar gaba ɗaya shi ne hanyar da wuta take bi ta koma batir, domin kan negatif a jikin ƙarfe aka ɗaure shi. Saboda haka duk wayar da ke ɗauke da wuta, idan rigarta ta huje ta taɓa ƙarfe ko'ina, ta buɗe wa batir gajeriyar hanya ke nan. Zafin da waya take yi ba ya tafiya daidai da wutar da ke bi ta cikinta, gaba yake yi: wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu; ta ninka goma, ya ninka ɗari. Siririyar wayar da aka yi don amfiya biyar, idan amfiya ɗari ta bi ta cikinta, cikin daƙiƙoƙi za ta yi ja, ta narkar da rigarta, ta narkar da ta maƙwabtanta a cikin dami, su ma su haɗu. Aikin fis shi ne ya riga waya ƙonewa. An yi shi da gangan ya zama wuri mafi rauni a layin.

To, idan fis ya ƙone, saƙo ne cewa akwai inda waya take taɓa ƙarfe, ko kuma an ɗora wa layin kayan da suka fi ƙarfinsa. Abin da aka saba yi shi ne a kashe saƙon: a zare silin waya a naɗa a gurbin, ko a cusa takardar azurfa ta kwalin taba, ko a sa fis mai amfiya 30 inda na 10 yake. Mota ta tashi, kowa ya yi murna. Daga ranar wuri mafi rauni a layin ya tashi daga akwatin fis, inda ake gani ana canjawa, ya koma wani lungu a bayan dashbod, kusa da soso da kafet. Idan ka ji an ce tsohuwar mota ta kama wuta haka kawai tana tafiya, ko tana ajiye a gida da dare, wannan yana cikin abubuwan farko da ya kamata a tuhuma. Ga shi kuma 504 da 'yan fis kaɗan ta zo daga masana'anta, kowanne yana gadin layuka da yawa, wasu layukan kuma babu mai gadinsu sam. Haka ake ƙera motoci a lokacin.

Yaya za a gane ko faci zai wadatar ko sai an sabunta duka? Ba ya buƙatar na'ura. A buɗe naɗin dami a wurare uku ko huɗu, musamman kusa da inji. A kama waya a lanƙwasa ta a kan yatsa: idan ta lanƙwasu ta dawo, da sauranta, idan ta yi ƙara ko ta tsage, ta gama. A feɗe bakin wata a ga launin jan ƙarfen, a ƙara feɗewa gaba kaɗan. Idan har yanzu baƙi ne, tsatsar ta yi nisa. A leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila a ƙirga ƙullin salatif. Idan aka ga inda wayoyi suka narke suka manne da juna, ko da sau ɗaya ne, to ba a san iyakar inda zafin ya kai a cikin damin ba, kuma ni ba zan yarda in bar iyalina su shiga motar da wannan damin ba. Sau da yawa ɓangaren baya, wanda ke zuwa fitilun birki da tankin mai, yana nan lafiya domin bai sha zafi ba, ana iya barinsa. Na inji da na gaba su ne suka fi mutuwa.

Idan an yanke shawarar sabuntawa, tunani na farko da ke zuwa wa mutum shi ne ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sayo dami daga motar da aka yanka. Yana da araha, kuma soket-soket ɗinsa na asali ne. Amma sa'ar wanda za a cire ne, rana ɗaya suka sha. Bayan haka 504 ba iri ɗaya ba ce: akwai salun, akwai wagon, akwai akori-kura, kuma a tsawon shekarun da aka yi ana ƙera ta an canja dashbod, an canja makunnai, an canja altaneta daga mai regileta a waje zuwa mai regileta a ciki. Damin da bai dace ba yanka zai sha kafin ya zauna, an koma gidan jiya. Amfanin tsohon dami na kasuwa shi ne a ciro soket da ba a samun sabonsu. Abin da ya fi shi ne a saƙa sabo, kuma 504 tana cikin motocin da hakan yake yiwuwa a gareji na unguwa, domin babu kwamfuta a cikinta. Layukanta mutum ɗaya zai iya riƙe su duka a kansa: caji, tayar da inji, koyil da distributa, fitilu, sigina, oda, waifa, fanka, da gejin dashbod.

Aikin yana farawa da cire kan batir, kuma negatif ake fara cirewa. Dalilin mai sauƙi ne: idan sifana tana kan fositif ta goga jikin mota alhali negatif yana ɗaure, sifanar ta zama waya, za ta yi tartsatsi har ta iya mannewa. Idan negatif ya riga ya fita, babu hanyar komawa. Wajen mayarwa kuma shi ne na ƙarshe.

Sai kuma abin da ya fi kowanne wuya ga mai gaggawa: kada a yanke tsohon dami. Almakashi yana cire shi cikin awa guda, amma ya tafi da duk ilimin da ke cikinsa. Tsohon damin shi ne ma'auni. Shi ya san tsawon kowane reshe, da inda ya rabu, da ramin da ya bi. A ɗauki hoto da wayar salula kafin a taɓa komai, daga kowace kusurwa. Duk kan da za a zare a manna masa takarda a rubuta inda ya fito, da Hausa ko da duk abin da mai aikin zai iya karantawa bayan mako uku. A zare shi a hankali ta cikin ramukan bodi har ya fito ɗungurungum.

Nan ne sanin al'adar masu ƙera mota yake da amfani. Peugeot ta fi dogara da lamba fiye da launi wajen bambance wayoyinta, don haka taswirar wayarin ɗinta cike take da lambobi, kuma idan lambar ta goge a jikin tsohuwar waya sai an bi ta da mita daga wannan baki zuwa wancan. Turawan Ingila launi suke bi: a tsohuwar Land Rover waya ruwan ƙasa tana ɗauke da wutar batir kai tsaye ko da mota a kashe take, baƙa ita ce at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin bodi, fara tana samun wuta idan an murɗa makulli, shuɗiya ta fitilun gaba ce. Jamusawa kuwa, a Volkswagen da Marsandi, waya ruwan ƙasa ita ce at. Launi ɗaya, ma'ana biyu masu kishiyar juna. Wanda ya saba da motar Jamus ya ɗaure ruwan ƙasa ta Land Rover a jikin bodi, hayaƙi zai gani nan take. Jamusawa sun kuma bar wa duniya lambobin da ake gani a jikin rile da koyil da makunni: 30 wutar batir kai tsaye, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 at, 50 layin da ke tayar da kik, 85 da 86 ƙafafun da ke jan rile, 87 inda wuta take fita. Yaron da ke koyon wayarin ya haddace waɗannan, ya rage wa kansa rabin wahala.

Ana shimfiɗa tsohon damin a kan faffaɗan katako, a miƙe kowane reshe, a buga ƙusa a duk inda ya rabu ko ya ƙare, a rubuta sunan wurin a jikin katakon. Sannan a ɗaga shi, a fara jan sababbin wayoyi ɗaya bayan ɗaya tsakanin ƙusoshin. Kada wani ya ga katako da ƙusa ya ɗauka dabarar talaka ce. Har yau a manyan masana'antu da hannu ake saƙa damin wayar mota a kan allo, domin na'ura ba ta iya sarrafa abu mai laushi da rassa haka ba. Shi ya sa ake yin aikin a ƙasashen da ƙwadago ke da sauƙi, irin su Maroko da Tunisiya, kuma shi ya sa a 2022, da yaƙi ya tsayar da masana'antun waya na Yukiren, sai da Volkswagen da BMW suka dakatar da haɗa motoci a wasu masana'antunsu na Jamus.

Zaɓen waya shi ne inda araha take cutarwa. Abu na farko, wayar gida mai sili ɗaya ko 'yan silla masu kauri ba ta mota ba ce. An yi ta don ta kwanta a bango ba motsi, girgizar hanya kuwa karya ta take yi a cikin riga. Wayar mota silla sirara masu yawa gare ta. Na biyu, kasuwa ta cika da wayar da cikinta alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyom kusan kashi 60 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka yake ɗauka, yana saurin karyewa, yana kuma saurin ci a wurin haɗi. Gane ta ba wuya: a kankare sili da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki, a ajiye. Ba ta da nauyi a hannu, kuma idan aka kanga mata ashana silin yakan lanƙwashe ya zube. Na uku, a duba kaurin jan ƙarfen, kada a duba kaurin riga, domin akwai wayar da roba ce ta cika ta.

Kauri kuwa lissafi ne da kowa zai iya. Ƙwan fitilar gaba irin H4 yana cin wat 55 a ƙaramar wuta, 60 a babba. Biyu sun zama wat 110. A raba da volt 12, an sami amfiya tara da ɗoriya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1 tana da turjiyar kusan om 0.0175 a kowace mita. Idan wutar fitila za ta tashi daga batir ta shiga cikin mota, ta bi ta makunnin da ke jikin sitiyari, ta dawo gaba, a ce mita shida, to kusan volt ɗaya ya zube a hanya tun ba a sa lissafin tsofaffin makunnai da soket masu tsatsa ba. Volt ɗaya kamar ba komai ba ne, amma ƙwan fitila ba ya yafe shi: idan wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haskensa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne sirrin jajayen fitilun tsofaffin Fijo da ake gani da dare. Direba ya ga ba ya gani, sai ya sayo ƙwai mai wat 100 ya sa, wutar da ke bi ta tsohuwar wayar ta kusan ninkawa, makunni ya fara zafi a hannu. Da waya mai kaurin 2.5 aka ja layin, abin da zai zube bai kai rabin volt ba.

Saboda haka ina goyon bayan a yi wa 504 gyare-gyare uku da ba ta zo da su ba, ko da masu son a bar komai yadda masana'anta ta yi za su ɗaga gira. Na farko, rile biyu kusa da fitilun gaba, ɗaya na babbar wuta ɗaya na ƙarama, yadda wuta mai nauyi za ta taho daga batir ta gajeriyar hanya, makunnin sitiyari kuma ya koma aika umarni kawai da 'yar wuta kaɗan. Wannan yana ƙara haske, yana kuma tsawaita ran makunnin da samun sabonsa ya yi wuya. Oda ma haka. Na biyu, sabon akwatin fis mai gurabe da yawa, kowane layi da nasa, yadda idan waifa ta sami matsala sigina ba za ta mutu tare da ita ba. Girman fis ya ɗan haura abin da layin yake ci, ya kuma kasance ƙasa da abin da wayar za ta iya ɗauka: fitilun da ke cin amfiya tara, fis na 15 a kan waya mai kaurin 2.5. Na uku, babban fis guda kusa da kan batir, a kan wayar da ke ciyar da motar duka, ban da kebul ɗin kik. Duk waɗannan ana iya ɓoye su inda ba za su ɓata kamannin motar ba. Wanda yake adana mota don nuni, ba ya hawa, yana da hujjar barin ta yadda take. Wanda zai bi hanyar Zariya da dare da yara a baya, hujjarsa ta fi ƙarfi.

Wurin haɗi akwai saɓani tsakanin masu sana'a. Wasu sun rantse da dalma, kuma haɗin dalma yana wuce wuta da kyau. Matsalarsa ita ce dalmar tana bin silla ta shige cikin riga ta sandarar da wayar, sai girgiza ta taru a daidai inda taurin ya ƙare, wata rana ta karye a nan. Masana'antun mota matse kan waya suke yi, kuma shi na fi so, da sharaɗin a yi shi da filayar da aka ƙera don wannan aiki, ba da filayar gama-gari ko haƙori ba. Gwajinsa a ja da ƙarfi. Idan ya zare, a sake. A rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Inda dole sai an yi dalma, a yi kaɗan, a kuma ɗaure wayar ta gaba da baya don kada wurin ya yi motsi. Ƙa'idar da ta fi duka ita ce a rage yawan haɗi: waya ta tashi daga inda ta fara ta isa inda za ta ba tare da an ƙulla ta a tsakiya ba.

At kuwa shi ne abin da aka fi mantawa, musamman bayan sabon fenti. Fenti ba ya wuce wuta. Motar da ta fito daga wurin mai fenti sai a ga an taka birki sigina tana kamawa, ko an kunna sigina fitilar baya tana lumshewa tare da ita. Wutar ce ta rasa hanyar komawa ta jikin bodi, ta bi ta cikin wani ƙwan. Duk inda za a ɗaure at a kankare har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a sama don hana tsatsa. A tabbatar da kebul mai kauri tsakanin batir da bodi, da wani tsakanin inji da bodi, domin inji a kan roba yake zaune. Idan wannan na biyun ya tsinke, wutar kik za ta nemi hanya ta duk abin da ta samu, har da wayar totur, ta gasa ta.

Kafin a naɗe dami a gwada shi a jikin mota, a ga kowane reshe ya kai, da ɗan rara saboda motsin inji. Sannan a naɗe, a bi da shi hanyar da tsohon ya bi, nesa da bututun hayaƙi, nesa da fanka da bel da sandar sitiyari, a ɗaure shi a kai a kai don kada ya yi lilo yana goga. Duk ramin da zai ratsa a jikin ƙarfe, musamman bangon da ya raba inji da cikin mota, a sa masa zoben roba. Bakin ƙarfe yana yanka riga a hankali, kuma a irin waɗannan ramuka ne wayoyi masu ɗauke da wutar batir suke wucewa.

Ranar ba da wuta ta farko, kada a ɗaura kan batir kai tsaye. A sa ƙwan fitilar gaba tsakanin kan negatif da kebul ɗinsa, yadda duk wutar da za ta shiga motar sai ta bi ta cikinsa. Idan komai a kashe yake amma ƙwan ya kama da cikakken haske, akwai inda waya take taɓa ƙarfe, kuma ƙwan ya tare wutar a kan amfiya huɗu zuwa biyar, babu abin da zai ƙone. A cire fis duka, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ana gwada ƙananan layuka. Kik ba ya tashi ta cikin ƙwai, don haka shi ne na ƙarshe, bayan an ɗaura batir sosai, da abin kashe gobara a kusa. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6 a mita. Idan inji ya tashi, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Mita ita ce hanyar sanin ko altaneta tana caji. Al'adar nan ta zare kan batir inji yana aiki don a ga ko zai mutu tana iya sa wuta ta yi tsalle ta ƙona regileta ko diyod ɗin altanetar, kuma a sabon wayarin babu dalilin yin ta.

Abu na ƙarshe da za a nema daga mai aikin shi ne takarda: taswirar abin da ya saƙa, ko da zanen hannu ne, da jerin fis da abin da kowanne yake gadi, da launi ko lambar kowace waya. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a cikin leda a aljihun dashbod. Wata rana motar za ta tsaya a garin da ba a san mai ita ba, kuma mai wayarin na wurin, idan aka miƙa masa takarda, zai je kai tsaye ga layin da ya mutu maimakon ya fara feɗe dami yana nema. Aikin sabunta wayarin na kwanaki ne, wani lokaci makonni, kuma wanda ya matsa wa mai sana'a a kan farashi har ya rage masa ladan zama ya yi lissafi da rubutu, to ya sani a kan waya da kawunan haɗi za a fanshe ragin. Gara mai mota ya sayo kayan da kansa, tare da mai aikin, ya biya kuɗin hannu daban.

Bayan an yi mako biyu ko uku ana hawa, a koma gareji a sake bin damin da hannu daga gaba zuwa baya. A ƙara ɗaure wuraren at, a duba inda ya fara goga ƙarfe, a kunna fitilu duka na minti goma sannan a taɓa akwatin fis da rile da soket ɗin fitilu. Ɗumi kaɗan a jikin rile ba komai ba ne. Soket ko fis da ya yi zafin da yatsa ba zai iya zama a kai ba yana nuna haɗin da bai matsu ba, kuma a ranar ya kamata a sake shi.